Ƙanwata mai MS ta daina barci, likita ya ce baifola ce

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata shekarunta 27, bara aka gano tana da MS, cutar da garkuwar jiki ke cinye rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Watan jiya idonta na hagu ya dushe, aka yi mata ƙarin ruwa na sitiroyid, maganin rage kumburi, kwana biyar. Gani ya dawo, barci kuma ya ƙaurace. Kwana huɗu tana surutu ba tsayawa, ta rabar da kayanta, wai za ta buɗe kamfani. Yanzu likita ya ce baifola ce, wato cutar da ke sa mutum zumuɗi fiye da kima a wani lokaci, wani lokacin kuma baƙin ciki mai tsanani. MS ɗin ce ta jawo, ko wata cuta ce daban? Mama ta ce a dakatar da duk magungunan.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. Don Allah ku ba Mama haƙuri, kar a dakatar da komai sai likita ya ce. Baifola ta fi yawa a masu MS, kusan ninki biyu a kan sauran mutane, kuma tabon da cutar ke bari a ƙwaƙwalwa kan taɓa yanayin mutum. Amma ni inda hankalina ya tsaya shi ne sitiroyid ɗin. Idan aka ba da shi da yawa, yakan jawo irin wannan zumuɗi da rashin barci ko ga wanda bai taɓa ciwon ƙwaƙwalwa ba, kuma sau da yawa yana lafawa bayan an gama. Ki tambayi likitan ko ya san an yi mata ƙarin ruwan. Likitan jijiyoyi da na ƙwaƙwalwa su yi magana da juna.

Wani mai MS: Yaya, ni dariya da kuka ke ƙwace mini ba dalili, minti ɗaya sun wuce, zuciyata kuwa lafiya lau. Wannan ba baifola ba ce, kar a haɗa su.

Wata uwa: In aka ɗora ta a kan litiyom, maganin baifola, a kula da shan ruwa. Masu MS kan rage ruwa saboda yawan fitsari, ƙishirwa kuma na sa maganin ya taru a jini. Gwajin jini, ƙoda da tairoyid (ƙullun da ke maƙoshi) dole ne. Akwai wanda ya taɓa irin wannan a danginku?

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Akwai ƙanen Baba, shi ma haka yake yi lokaci-lokaci, ban taɓa kawo shi a raina ba. Gobe zan faɗa wa likitan, har da maganar ƙarin ruwan.