Me ya sa ƙurajen leɓe ke dawowa bayan an sha magani?

Ɗalibin aikin jinya, Maradi:
Assalamu alaikum, malamai. A ƙarshen damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya yawaita, muna yawan ganin masu ƙuraje a leɓe, kuma an koya mana cewa birus ɗin HSV-1 ne ke kawo su. Ta yaya yake shiga tantanin jiki, wato ƙwayar halittar da jiki ya ginu da ita, kuma me ya sa maganin aciclovir ba ya raba mutum da shi?

Malamin kimiyyar halittu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Birus ɗin yana lulluɓe da fatar kitse mai ɗauke da furotin iri-iri. Da farko biyu daga cikin furotin ɗin, gC da gB, suna maƙalewa a jikin tantani, sannan wani mai suna gD ya kama wani furotin na tantanin mai suna nectin-1, wanda hakan ke sa gH da gL su zaburar da gB ya haɗe fatar birus da ta tantani. Daga nan ƙoƙon da ke cikin birus ɗin yana bin siraran hanyoyin cikin tantani har bakin cibiyarsa, inda yake juye ADN ɗinsa, wato bayanan halittarsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yana shigowa da ma'aikatansa: VP16 yana tada karatun bayanan birus nan take, vhs kuma yana lalata saƙonnin tantanin don aikinsa ya tsaya. Kafin kwana guda ya cika, sabbin birus sun fito, tantanin ya mutu, daga baya ƙurji ya bayyana.

Ma'aikaciyar kantin magani:
Malam, Allah ya ƙara sani. Ɗana, aciclovir ba ya aiki sai wani sinadarin birus ɗin, thymidine kinase, ya sarrafa shi, sannan ya katse kwafar ADN. Ke nan birus mai hayayyafa kaɗai yake samu. Wani kaso na birus ɗin kuwa tuni ya bi jijiyar fuska ya kwanta a kullin jijiyoyi na trigeminal, ba ya hayayyafa, don haka magani ba shi da abin kamawa. Zazzaɓi ko zafin rana ko gajiya suna tada shi, sai ya sake gangarowa leɓe. Shi ya sa ake so a fara sha tun ana jin ƙaiƙayi.

Malamin kimiyyar halittu:
Haka ne, Hajiya. Ɗan'uwansa HSV-2, mai kawo ƙuraje a al'aura, shi ma haka yake yi, sai dai shi a jijiyoyin tsatso yake kwanciya. A ja kunnen mai ƙurji kada ya sumbaci jariri, domin a jarirai cutar tana iya kaiwa ga ƙwaƙwalwa.