Makyarkyata bayan wankan ruwan ƙanƙara

Salamu alaikum. A Yamai nake. Na ga yadda mutanen Rasha ke fasa ƙanƙarar kogi su nutsa ranar 19 ga Janairu, sai na fara shiga baho cike da ruwan ƙanƙara bayan gudun safe, cikin ɗarin nan. Shigar da sauƙi, numfashi ne kawai ke sarƙewa da farko. Fitowar ce matsala: ina gama sa tufafi sai makyarkyata, haƙora na haɗuwa, yatsu su mutu. Na rage ƙanƙara, na mai da wankan hantsi, na sha shayi, duk a banza. Wankan ruwan zafi kuwa jiri ya sa ni.

Waɗanda suka saba, yaya kuke ɗumama jiki bayan fitowa?