Wuƙar maƙeri ko ta kamfani, wacce ta fi dacewa da sara?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina da wuƙar sara ta kamfani mai ƙyalli ɗin nan, shekaran jiya ina datsa ƙashi sai naji ƙas, ina dubawa bakinta ya ɓantare wuri biyu kamar haƙorin da ya karye, wallahi abin ya ban haushi don ko wata shida bata yi ba. Ga kuma tsohuwar wuƙar mahaifiyata ƙirar maƙeri, baƙa ƙirin, ƙotar ma ta tsage an ɗaure da waya amma har yau tana ci, matsalarta ɗaya tsatsa, in na yanka albasa na barta minti kaɗan sai ta canza kala. To in koma wajen maƙeri ne ko in ƙara sayen ta kamfani?

Ɗan Maƙera:
Wa'alaikumussalam Hajiya. Ni a maƙera na tashi, zan faɗa miki tsakani da Allah. Yawancinmu da tsohon sifirin ɗin mota muke ƙira, ƙarfe ne mai ƙwari da ke jure duka, amma ba abin hana tsatsa a cikinsa shi yasa ta mama take baƙi. Kuma aikin ba a dukan guduma kaɗai yake ba, in an gama ƙira sai a mayar wuta tayi jawur a tsoma a mai tayi tauri, daga nan a sake ɗumama ta kaɗan, wajen digiri 200, har bakin yayi kalar ƙasa-ƙasa mai haske, wannan ɗumamawar ce ke hana ta karyewa. Wanda yayi gaggawa ya tsallake nan wuƙarsa zata tsage kamar gilashi, wanda ya wuce gona da iri kuma tayi laushi tana lanƙwashewa. Da ido muke auna wutar, shi yasa maƙeri ɗaya zai yi wuƙa biyu rana ɗaya su bambanta, wannan kam ban ɓoye miki ba. In zaki saya ki goga magagari a bakin, in ya zame bai ci sosai ba tayi tauri, in ya ci kamar sabulu ki ajiye musu abarsu.

Mai Girki:
Malam na yarda da kai amma kar a zalunci ta kamfani. Ni kullum wuƙa na hannuna daga safe har dare, kuma ta kamfani nake riƙewa saboda wanki, ƙotar roba ba ta tsagewa balle jini da maiƙo su maƙale a ciki, ƙotar itace in ta buɗe ko kin wanke sai kinji wari. Anti, taki ba don ta kamfani bace ta ɓantare, ina kyautata zaton mai siririn baki ce ta yankan ganye da tsoka, don akwai masu faɗi kamar ta sara amma ba a yi su don ƙashi ba. Ta ƙashi bayanta da kauri, ga nauyi, nauyin ne ke yin aikin ba ƙarfin hannunki ba. Ki duba kuma ƙarfen ya ratsa har ƙarshen ƙota an kafe da ƙusoshi.

Injiniya:
Bari in ɗan ƙara. Ƙarfen da baya tsatsa sai yana da sinadarin kromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, Harry Brearley ne ya fito da shi a Sheffield ta Ingila a 1913, daga nan wuƙaƙen kicin suka fara canzawa. Kamfani na da tanderu mai ma'aunin zafi, shi yasa wuƙa dubu zasu fito kusan iri ɗaya. Sannan akwai ma'aunin tauri na Rockwell, wuƙaƙen Jamus irin na garin Solingen galibi 56 zuwa 58 suke, na Japan sukan kai 60 ko su haura, sun fi daɗewa da kaifi amma in suka haɗu da ƙashi sun fi saurin ɓantarewa. Don sara mai ɗan laushi ta fi, in ta dakushe ai dutse ne maganinta. Abu ɗaya da yake damuna, masu wasa wuƙa da inji, su danna har bakin yayi shuɗi, to wannan wurin taurinsa ya tafi, ko ta maƙeri ce ko ta kamfani. A ce musu su riƙa tsomawa a ruwa.

Uwar Biyu:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗauko ta na duba yanzu, lallai siririya ce, ashe ni na ɗora mata aikin da ba nata ba. Zan kai a gyara bakin in barta wa ganye. Ɗan Maƙera, ita ta mama za a iya canza mata ƙota ba tare da an mayar da ita wuta ba? Bana so a taɓa bakin.

Ɗan Maƙera:
Sosai ma Hajiya, ƙota kawai za a cire a sa sabuwa, wuta bata shiga ciki. Tsatsar kuma ki wanke ki goge ta bushe nan take, ki shafa mata ɗan man girki kafin ki ajiye. Baƙin da tayi kar ki kankare shi, yana rage mata jan tsatsa.