Hawan keke a gonakin inabin Faransa: ina hanyar da babu motoci?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a birnin Dijon ya gayyace ni hutu daga nan Damagaram, kuma ina son in zaga ƙauyukan Burgonya, yankin da Dijon ke ciki, da keke ba tare da fargabar motoci ba. Wace hanya ce ta dace?

Malam na Zango: Wa alaikumus salam. Ka bi hanyar da ta haɗa garuruwan Givry da Cluny, wadda aka buɗe a 1997 a kan tsohon layin dogo, shi ya sa ba ta da hawa mai wahala, kuma an hana motoci binta. Bayan Cluny hanyar tana ratsa ƙarƙashin tudu ta ramin Bois Clair mai tsawon kilomita 1.6, wanda ake rufewa lokacin sanyi saboda jemagu.

Hajiya daga Sabon Gari: Ɗana, hanyar Beaune zuwa Santenay ta fi kyau a ganina, domin tana ratsa ƙauyukan Pommard da Meursault, amma taraktocin manoma suna binta, musamman a Satumba lokacin tsinkar inabi. Giya ce sana'ar yankin, don haka ka riƙa tambayar abin da aka sa a miya kafin ka ci.

Ɗan Birni: Na gode, Hajiya. Zan fara da Givry.