Fenti ne ya kayar da Albashir ko burodi?

Kawu Direba: Ku masu cewa masu zane da mawaƙa ne suka kayar da shugaba Albashir, ku daina ruɗin kanku. Zane da waƙa ba su taɓa kayar da gwamnati ba. Burodi ne ya tunɓuke Albashir a Sudan. A Disamban 2018 aka ninka kuɗinsa sau uku, mutanen garin Atbara suka fito suka banka wa ofishin jam'iyya mai mulki wuta. Sojoji suka ƙarasa aikin ran 11 ga Afrilun 2019. Ina fenti a nan?

Anti Malama: Kawu, yunwa takan fito da mutum titi, amma ba ita ke zaunar da shi kusan wata biyu cikin zafin Khartum ba, har da azumi a baki.

Ɗan Auta: Ina karatu a can lokacin. Tun 6 ga Afrilu aka yi zaman dirshan a ƙofar hedikwatar soja. Da idona na ga wani saurayi a kan tsani, waya a hannun hagu, yana kwafar fuskar wani da aka harbe zuwa jikin bango. Wata dattijuwa mai sayar da shayi ta tsaya a ƙasa tana ce masa hancin bai yi daidai ba. Samari kuwa dare da rana suna dukan ƙarfen gadar jirgin ƙasa da duwatsu, ana amsa "tasgut bas", wato gwamnati ta faɗi kawai. Wallahi in ka ji wannan kiɗan, ƙafarka ba za ta yarda ta koma gida ba.

Kawu Direba: Sai me ya biyo baya, yaro? Ran 3 ga Yuni, a jajiberin sallah, aka tarwatsa su. Likitoci suka ce sama da mutum 100 aka kashe. Bangon ya tare harsashi?

Malam Na Lungu: Allah ya jiƙansu. Ni ina tare da Kawu, amma rabi da rabi.

Anti Malama: Bangon bai tare harsashi ba, Kawu. Amma gaya mini, me ya sa bayan an kori mutane aka bi bangon da fenti ana shafe fuskokin? Wa ke ɓata kuɗin fenti a kan abin da ba ya tsoro? Kuma an katse intanet, duk da haka ran 30 ga Yuni suka sake cika tituna.

Kawu Direba: Shugaban soja Janar Burhan ya yi juyin mulki a 2021, yaƙi ya ɓarke a 2023. Masu zanen suna ina yanzu?

Ɗan Auta: Wanda na sani yana Alƙahira, Kawu. Jiya ma ya turo min hoton wani bango.