Waswasin da ya ƙi jin magani: abin da ya same mu

Malamar firamare:
Assalamu alaikum. Shekara 3 ke nan ina fama da waswasi, har alwala ɗaya takan ci mini minti 40, domin da na wanke hannu sai zuciyata ta ce ruwa bai kai gwiwar hannu ba, in sake daga farko. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne munanan tunane-tunane game da Ubangiji da ke faɗo mini a tsakiyar sallah, waɗanda ko maigidana ban iya faɗa wa ba. Ina roƙon wanda ya taɓa shiga wannan hali ya bayyana mini yadda ya yi.

Tela:
Wa alaikumus salam, Malama. Tun muna yara muka karanta a Ahalari cewa mai waswasi ya watsar da kokwantonsa, kada ya rama abin da yake shakka, sai dai ya yi sujada ba'adi. Haka kuma a Sahihu Muslim sahabbai sun kai ƙarar irin waɗannan tunane-tunane, Annabi (SAW) ya nuna musu cewa ƙyamar da suke yi musu ita ce tsantsar imani. Na san duk wannan, amma bai hana ni zuwa wurin malaminmu kullum da tambaya guda ba, in sami natsuwa ta awa ɗaya, sannan kokwanton ya dawo da sabuwar riga. Ranar da ya rantse ba zai ƙara amsa mini ba na ji haushinsa ƙwarai, alhali daga ranar ne sauƙi ya fara.

Ma'aikacin banki:
Nawa bai shafi ibada ba. Bayan mahaifina ya rasu da shanyewar ɓarin jiki a 2020, na sayi na'urar awon jini ina aunawa fiye da sau 15 a rana, kuma tsoron da kansa yake ɗaga awon, sai in ƙara firgita. Sau 3 aka yi mini gwajin zuciya ba a ga kome ba, amma in dare ya yi sai in kwana ina binciken alamomin cuta a intanet.

Uwar 'ya'ya huɗu:
Ƙanwata, na daɗe ina ƙin ganin likitan ƙwaƙwalwa, saboda a wurinmu da an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ke Kano sai a ce mutum ya haukace. Da na daure na je, likitar ta ce waswasin da ke damuna ciwo ne, sunansa OCD, kuma yakan sami kusan mutum 2 cikin 100. Ta ba ni magani, ta gargaɗe ni cewa yakan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga aikinsa sosai, sannan ta sa ni in taɓa ƙofar banɗaki in zauna ban wanke hannu ba. Kwanakin farko kuka na yi ta yi; a mako na uku kuwa fargabar ta riƙa sauka da kanta kafin in tashi. Addu'a ban bari ba, ban kuma ga inda suka ci karo da magani ba.

Malamar firamare:
Allah ya saka da alheri. Yau da azahar na yi alwala sau ɗaya na tayar da sallah jikina yana rawa. Yaya, shin kin sanar da maigidanki kafin ki je asibitin, ko sai daga baya?