RLNC na maƙalewa idan asarar fakiti ta zo a jere

Salamu alaikum. Ina gwada RLNC (Random Linear Network Coding, wato haɗa fakitin bayanai ta hanyar lissafi kafin a aika) a ns-3, manhajar kwaikwayon hanyar sadarwa, kan Wi-Fi, kowane rukuni fakiti 32, lissafin a GF(2^8), tsarin lissafi mai lambobi 256. In fakiti na ɓacewa jefi-jefi, kashi 10 cikin 100, mai karɓa na warware saƙo lafiya lau. Amma da na sa tsarin Gilbert-Elliott, inda asarar ke zuwa a jere, sai rukuni ya tsaya a fakiti 29 ko 30 cikin 32 ya ƙi cika, na bayansa su yi cirko-cirko, alhali matsakaicin asarar bai canza ba.

Na ƙara fakitin kariya zuwa kashi 20, har yanzu yana maƙalewa. Na rage rukuni zuwa 16, abin ya ƙara muni. Gaskiya ya ishe ni.

Don Allah, in na gwamutsa fakitin rukunoni daban-daban wajen aikawa, zai magance wannan?